Fuskar da Aka Rataya a Ɗakin Inna

Baban Husna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da na saba yi maka, ko da yake na san ba amsa zan ji ba. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Babu direban da zan ba wa a tasha in ce ya miƙa maka, babu lambar da zan kira. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk wanda na fara yi wa ita sai ya ce in yi haƙuri tun ban kai rabi ba. Kai kaɗai ne kake barina in yi magana har in gama. Allah Ya kai haske kabarinka, Ya sa ka huta.

Bari in fara da labarin gida. Na fita takaba. Gero ya yi kyau a gonakin bakin gari, na nesa kuwa babu mai ƙarfin halin zuwa, tsuntsaye ne ke ci. Gwiwar Innarka ta matsa mata, yanzu a zaune take salla. Ƙaninka Basiru ya buɗe shagonka, yana ƙoƙari, amma hannunsa bai kai naka ba. Har yau mutanen fadama suna zuwa da injin ban-ruwa a bayan babur suna tambayar mai gyara, wasu ba su ji ba, sai an faɗa musu a bakin ƙofa su sauke injin su yi addu'a. Ɗiyarka Husna ta buɗe baki. Surutu take yi tun safe, irin wanda ka yi ta jira. Ba ka ji ko kalma ɗaya ba.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Baban Husna, fuskarka ce take ɓace mini, kuma ban san yadda zan riƙe ta ba.

Ranar da ka tafi kasuwar Shinkafi sayo kayan inji, ina yi wa Husna wanka ka yi mini sallama daga bakin ƙofa. Na amsa ban juyo ba, sabulu ya shiga idonta tana kuka. A hanyar dawowa aka tare motarku. Mutanen ƙauyen da ke kusa ne suka yi muku sutura suka binne ku a can, don babu halin ɗauko gawa a ranar. Basiru ne ya je daga baya aka nuna masa wurin. Wayarka, katinka, duk abin da ke aljihunka, waɗanda suka tare ku sun tafi da shi. Ni ban gan ka ba. Sai dai aka ce mini ka rasu, na yarda. Abin da ya rage mini shi ne kyamararka, da ka bari a gida saboda batirinta bai cika ba, da tsohuwar kwamfutar nan mai zafi kamar tanda.

Bayan an watse daga zaman makoki, Inna ta ce a kawo mata hotonka. Kowa ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Mutumin da ya ɗauki rabin amaren Kaura hoto? Mutumin da ko suna ake yi a Sakajiki sai an aiko masa? Aka fara nema. Hotunan bikinmu sun ƙone tare da gidan ƙauye, can wajen Kurya, ka sani. Abokanka suka bincika wayoyinsu. Ɗaya ya samo wanda ka sa hannu ka rufe fuska, ɗaya ya samo ƙeyarka. A shafinka na sada zumunta, inda kowa ke sa fuskarsa, kai hoton fara ka sa a kan karan dawa. Basiru ya je ya tambayi ko za a iya ciro hoton katinka, aka ce sai da lamba, lambar kuma tana cikin wayar da aka tafi da ita.

Sai na buɗe kwamfutar. Ka tuna yadda nake zama a gefenka ina tsintar wake kana gyaran hoto? Ka ɗauka wake kawai nake kallo. Na koyi inda ake dannawa. Duk tsawon takabata a cikin hotunanka na yi ta, duk lokacin da aka kawo wuta, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba.

Na ga abubuwan da ban taɓa tsayawa na kalla ba. Raɓa a kan ganyen gero, kowane ɗigo da hoton gona a cikinsa a kife. Ƙudan zuma ya cusa kai cikin furen kuɓewa, ƙafafunsa duk gari. Furen bado a bakin Gulbin Gagare, da wani kwaɗo yana leƙe ta ƙarƙashin ganye. Balbela a bayan sa. Buzuzu yana tura kashin shanu, wanda ka kwanta rub da ciki a hanya don ka ɗauka har mai amalanke ya yi maka tsawa. Sannan amare. Amare ba iyaka, da lallensu, da kukansu, da ƙawayensu. Ban manta yadda wasu ke roƙonka ka ƙara musu hasken fata ba, kai kuma ka ƙi. Kakan ƙara hasken ɗaki, ka yanke gefen da bokiti ya shigo, ka daidaita hoton da ya karkace, amma fuska ba ka taɓa ta. Kakan ce kana son uwar amarya ta kalla ta gane ɗiyarta. Ko kuɗin mai ba ka karɓa, don haka babu mai iya tilasta maka.

Ni kuma kai nake nema a ciki. Na sami inuwarka a kan yashin gulbi, doguwa, da gwiwar hannu a ɗage. Na sami babban yatsanka a gefen wani hoto, da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Na sami ƙafafunka cikin ruwa. Na same ka gaba ɗaya a madubin wata amarya, tsaye da rigarka mai ruwan toka, amma kyamara ta rufe maka fuska tun daga goshi har haɓa. Ka san yadda na ji? Kamar kana tsaye a bayan ƙofa ina jin numfashinka, ka ƙi buɗewa.

A ƙarshe na sami guda ɗaya. Wata tsuntsuwa ka ɗauka a kan shinge, kana zaune a babur, sai madubin babur ya shigo ta ƙasan hoton. A cikin madubin akwai kai. Kyamarar tana ƙirjinka a ranar, ba a ido ba. Amma ƙarami ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma dishi-dishi, don tsuntsuwar ka saita, ba madubin ba. Na zuƙo shi kamar yadda nake ganin kana yi. Ina zuƙowa yana tarwatsewa, har ya zama ɗigo-ɗigo, baƙi da toka. Na ƙara haske, na rage, na ja wannan na tura wancan. Idan na matsa nesa na kanne ido sai in ga kamar kai ne. Da na matso sai ka narke.

Ina cikin takaba, ba na fita. Sai na sa hoton a katin memori na ba Basiru, na ce ya kai wa mai shagon hoto na kusa da tasha ko zai iya fito da shi. Abin da na ce ke nan, ko zai iya fito da shi. Mai shagon ya ce akwai manhajar da ke gyara irin wannan yanzu, ita ke cike duk inda ya ɓace. Basiru bai dawo ya nuna mini ba. Murna ta ɗauke shi, ya sa aka wanke babba, aka sa a gilashi, ya wuce da shi ɗakin Inna kai tsaye. Kukanta na jiyo na fito.

Baban Husna, ba kai ba ne.

Hularka ce, rigarka ce, har karkatar kanka an samu. Amma mutumin da ke ciki wani ne. Hancinsa siriri, naka kuwa mai faɗi ne. Fatarsa sumul kamar an shafa mai, ta fi taka haske. Yana murmushi da haƙora jere reras, babu haƙorinka na gaba da hannun inji ya ɓantare. Idanunsa manya ne, farare, ba irin naka da rana da hayaƙin inji suka rina ba. Kyakkyawan mutum ne, ban ƙi ba. Ban taɓa ganinsa ba a rayuwata. Babu uwar da ta haife shi.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Inna ta rungume gilashin a ƙirji tana kiran sunanka. Tun ranar da aka kawo labari ba ta ci abincin kirki ba, a ranar ta ci. Yaya zan yi? Na haɗiye maganata. Basiru ya buga ƙusa ya rataye shi saman gadonta. Kafin kwana biyu hoton ya shiga wayoyin mutane, kowa yana sawa da addu'a a ƙasa. Mata suna shigowa gaisuwa suna cewa kamar a kira ka ka amsa. Mutanen da suka san ka tun kana yaro! Shin ba su taɓa kallonka ba ne, ko ni ce na haukace? Na ja Basiru gefe na tambaye shi ko wannan yayansa ne. Ya sunkuyar da kai ya ce ai da kama, kuma ya fi babu.

Abin da ya fi ci mini rai Husna ce. Kullum da safe sai ta shiga ɗakin Inna ta ɗaga yatsa ta nuna shi ta ce Baba. Inna ce ta koya mata. Tana kai masa ƙosai, tana miƙa hannu sama wai ya karɓa. Lokacin da ka tafi ba ta yi wayon da za ta riƙe ka ba. Wannan baƙon shi za ta girma da shi. Shi za ta nuna wa ƙawayenta, shi za ta nuna wa 'ya'yanta ta ce ga kakanku. Kai kuma, da ka yi ta goya ta a kafaɗa kana zagaya tsakar gida, ina za ka shiga?

Ni ma abin ya fara kama ni. Ina shiga ɗakin in gaida Inna, ina kai mata abinci, ina share mata. Ko na sunkuyar da kai yana nan a sama yana murmushi. Da farko idan na rufe ido kai nake gani sarai. Daga baya sai na ga hancin ya fara sirancewa. Sai haƙorin ya cike. Nakan tsaya a tsakiyar aiki, muciya a hannu, in ce a'a, ba haka yake ba, in sake gina ka daga farko: goshi, gira, kunne. Kullum sai wani yanki ya ƙi zuwa. Wa zan gaya wa wannan? In ce mijina yana sake mutuwa a cikin kaina, kaɗan-kaɗan, ina kallo?

Akwai maganar da ban taɓa faɗa maka ba. Na san abin da ya sa kake gudun hoto. Kakan mai da shi wasa, ka ce mai ɗauka ba ya shiga, amma na sani. Kana ganin ba ka da kyau. Tun da haƙorin nan ya karye kake dariya da hannu a baki. Ni kuma kunya ta hana ni cewa komai, don ba a saba ba, ba a koya mana ba. To ka ji yanzu. Ranar da na fara ganinka, kana kwance a gefen gonar kuɓewar babana, rigarka duk baƙin mai, ba ka motsi. Na ɗauka faɗuwa ka yi, na ajiye tulu na rugo. Ka ɗaga mini hannu wai kar in kori ƙudan zuma. Da ka gama ka miƙe, ƙasa a haɓarka, ka juya mini bayan kyamarar ka nuna mini abin da ka ɗauka, kana ta dariya kamar yaron da ya kama tsuntsu. A wannan lokacin ka manta ba ka rufe baki ba. Tun daga ranar ban ga fuskar da ta fi taka yi mini ba. Na zauna da kai shekaru ban faɗa ba. Ina ganin akwai lokaci.

Kuma ina jin haushinka, wannan ma ka ji. Allah Ya yafe mini, ana cewa ba a fushi da mamaci, amma ina yi. Ka tsaya wa fara. Ka tsaya wa kwaɗo har ƙafarka ta yi sanyi a ruwa. Ba za ka iya tsaya mini sau ɗaya ba? Sau nawa na ɗauki kyamarar nan na juya ta wajenka kana kaucewa, kana jan Husna ka kare fuska da ita? Ka bar wa kowane gida a garin nan abin kallo, ka bar naka gidan da inuwa. Ka san hanyoyin da kake bi. Ka san abin da ke faruwa a kansu. Me ka ɗauka za mu riƙe?

Bayan na fita takaba wata mata mai kawo daddawa daga Zurmi ta zo yi mini gaisuwa. A cikin hira ta ce ai ta san ka, kai ka ɗauki bikin Asma'u, ɗiyar maƙwabtansu. Ta ce yayar amaryar, Hadiza, ta ɗauke ka bidiyo da wayarta kana tsaye a kan benci kana jera mutane, har sun sha kallo suna dariya. Na karɓi lambar Hadiza, na yi ta kira ba ta shiga, layin can wajen sai ya ga dama. Na gaya wa babana zan je Zurmi. Ya ce ban isa ba, hanya ta ci masa suruki ba zai ba ta ɗiya ba. Da gari ya waye na kai Husna wajen Inna, na sa hijabi na tafi tasha.

Na san da kana nan da ka hana ni. Amma da kana nan me zai kai ni?

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Muna barin gari direba ya kashe rediyo. Babu mai magana a motar, sai leɓuna ke motsi. Muka wuce ƙauyukan da babu kowa, ƙofofi a buɗe, ciyawa ta fito har cikin zaure. Muka wuce gonaki, dawa ta nuna ta sunkuya babu mai yanka. Duk babur ɗin da ya ɓullo daga daji sai in ce masu tare hanya ne. Ina ta tunanin ko haka ka ji a ranar, ko ka gan su tun daga nesa, ko ka tuna da mu. Na ce a raina idan na mutu a nan Husna ba ta da uwa ba ta da uba saboda hoto. Duk da haka ban ce a sauke ni ba.

Na sami gidan. Suka karɓe ni kamar 'yar'uwa da suka ji matar wa ce. Asma'u tana gidan iyayenta, da jariri a hannu. Mijinta an ɗauke shi a gona tun kafin ta haihu, har yau babu labari. Ta shiga ɗaki ta fito da hoton da ka wanke musu, ta miƙo mini da hannu biyu. Su biyu ne, shi yana dariya har idonsa ya rufe. Ta ce angon ya ƙi sakin fuska a ranar, kai ne ka yi ta tsokanarsa har ya fashe da dariya ka ɗauka. Ta ce haka yake, haka yake sak, kullum tana nuna wa yaron. Ta yi ta sa maka albarka. Na riƙe hoton ina amsa amin, a cikin zuciyata kuwa hassada nake mata. Yarinyar da ba ta san ko mijinta na raye ba, ita nake wa hassada. Ka ga inda na kai.

Sai Hadiza ta kawo wayar. Gilashinta a fashe, ta daɗe tana nema. Muka haɗa kai a ƙarƙashin rumfa saboda hasken rana.

Ga ka. Kana tsaye a kan benci, ka ba mu baya. Rigar nan mai ruwan toka, da igiyar kyamara a wuyanka. Kafaɗarka ta dama da ta fi ta hagu sauka. Kana ɗaga hannu kana cewa dogaye su koma baya, tsofaffi su zauna, wata yarinya ta daina cin yatsa. Muryarka, Baban Husna. Ban shirya mata ba. Na ji kamar an zare mini ƙashin baya. Benci ya yi rawa, ka buɗe hannuwa kamar za ka faɗi, mata suka kwashe da dariya, kai ma kana dariya, ina ganin bayanka yana girgiza. Sai wani daga gefe ya kira sunanka. Ka fara juyowa. Na ga kunnenka. Na ga gefen kumatunka, da ɗan gemun nan. Na daina numfashi.

A nan bidiyon ya ƙare.

Hadiza ta ce wayar ce ta cika a ranar, ta tsaya da kanta. Ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi. Na ce ta sake sa mini. Ta sake. Na ce ta sake. Ban san sau nawa ba, har batir ya yi ja. Kowane karo sai in ji kamar wannan karon za ka ƙarasa juyowa. Uwar gidan ce ta zo ta karɓe wayar a hankali, ta ce in tashi in kama hanya tun rana na sama. Suka tura mini shi a katin memori. Yana cikin kwamfutarka yanzu. Nakan tsayar da shi daidai wurin, in zauna ina kallon kunnenka.

Da na dawo Baba bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi ya share ido, wannan ya fi faɗan zafi. Washegari na shiga wajen Inna. Na yanke shawarar in faɗa mata komai, ko me zai faru. Na durƙusa na ce mata hoton nan ba ɗanta ba ne, inji ne ya ƙirƙiro shi, ina roƙo a sauke shi saboda Husna. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta kore ni. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta tambaye ni, ni da ita wa ya riga wani saninka. Ta ce ita ta haife ka, ita ta wanke maka bakin ranar da haƙorin ya karye, tun kallon farko ta san ba kai ba ne. Ta ce amma idonta yana bukatar inda zai sauka idan ta idar da salla, bango kuma ba ya karɓar kallo. Ta ce in bar mata shi, kwananta nawa ya rage.

Na tashi na fito. Na je da gaskiyata ina ganin ni kaɗai ke ɗauke da ita, ashe tsohuwa ta riga ni, tana ɗauke da ita a zaune.

Yanzu ana maganar in koma gidan Baba da Husna. Inna ta sa Basiru ya wanko ƙarami, wai a sa a kayan yarinya don kar ta manta ubanta. Yana cikin jakata, a kife. Ka gaya mini yadda zan yi. In rataya mata ƙarya ta girma tana so? Ko in ɓoye, in nuna mata bayan wani mutum a kan benci in ce ga ubanki, ta tambaye ni ina fuskarsa? Idan na ce mata wanda take kai wa ƙosai ba kowa ba ne, ban sake kashe mata uba ba? Kai ne mai sanin abin da ya kamata a bari a hoto da abin da ya kamata a yanke. Ni ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Jiya bayan azahar barci ya ɗauke ni a kan tabarma. Tun rasuwarka nake roƙon Allah Ya nuna mini kai ko a mafarki, bai taɓa zuwa ba sai jiya. Na ji sallamarka a zaure, na ji ƙarar babur yana hucewa, na ji takunka. Na tashi da gudu. Ka ɗaga labule ka shigo, ka kira ni yadda kake kirana. Na ɗaga kai, sai na ga fuskar mutumin nan na bango. Da muryarka yake magana. Na farka ina ihu, har Husna ta tsorata ta fashe da kuka.

Shi ya sa na zauna yau na rubuta maka. Ina tsoro, Baban Husna. Ba talauci nake tsoro ba, ba hanya ba. Malamai sun ce za a tashe mu, kowa zai ga nasa. Ina kwana ina tashi da wannan, shi kaɗai ke riƙe da ni. Amma idan na yi tsawon rai fa? Idan na tsufa da wannan baƙon a cikin kaina? Ina tsoron ranar ta zo, ka tsaya a gabana da fuskarka ta gaskiya, in duba in wuce ina neman wani.

Don haka ga roƙona, shi ne na ƙarshe da zan yi maka. Idan ranar ta zo ka hango ni cikin taro ina waige-waige, kar ka tsaya jiran in gane ka. Kar ka ji kunya, kar ka sa hannu a baki. Ka ɗaga murya ka kira ni. Zan juyo.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Sai mun zo.

Taka har kullum,
Saratu, Maman Husna
Kaura Namoda